Awon lasifika a gida

Awon lasifika a gida shi ne amfani da makirufo, kwamfuta da wasu ƙananan kayan lantarki domin gano ainihin yadda lasifika take fitar da sauti, ba tare da an kai ta ɗakin gwaji na kamfani ba. Masu haɗa lasifika da hannunsu ne suka fi yin sa, wato waɗanda suke sayen wufa da tuwita daban-daban, su yanka katako su yi akwati, sannan su haɗa da'irar da ke raba sauti tsakanin lasifikokin. Awon yana nuna ƙarfin sauti a kowane mataki daga mai kauri zuwa siriri, da turjiyar da lasifika take yi wa lantarki, da yadda sautin yake bazuwa gefe da gefe, da kuma yawan gurɓatarsa idan an ƙara murya.

Kunne kaɗai ba ya wadatarwa a wannan aiki, domin yana saurin sabawa da abin da yake ji, kuma ɗakin da ake sauraro a ciki yana sauya sautin sosai. Wanda ya haɗa lasifika ba tare da awo ba yana iya yin akwatin da bai dace da wufarsa ba, ko ya ƙona tuwita, ko ya ɗora wa amfilifaya nauyin da ya fi ƙarfinta.

Tarihi

Lasifika mai koyil da maganaɗisu, irin wadda aka fi amfani da ita a yau, ta samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, wanda suka wallafa a 1925. Shekaru da dama bayan haka awon lasifika ya kasance aikin manyan kamfanoni da jami'o'i, saboda yana buƙatar ɗaki marar amsa-kuwwa da na'urori masu tsada.

A 1961 injiniya Neville Thiele na Ostireliya ya wallafa lissafin da ke danganta halayen wufa da girman akwatin da ya dace da ita. Richard Small ya faɗaɗa wannan aiki a Jami'ar Sidni a farkon shekarun 1970, shi ya sa ake kiran waɗannan ƙididdiga da sunan Thiele da Small. A 1967 Richard Heyser ya gabatar da hanyar ware sautin da ya taho kai tsaye daga wanda ya daki bango ya dawo, ta la'akari da bambancin lokacin isowarsu. A 1974 Don Keele ya nuna cewa ana iya auna kakkauran sauti ta hanyar kusanto da makirufo dab da faifan wufa. A 1982 Mark Gander ya bayyana awon da ake yi a kan daɓe a fili.

Shigowar kwamfuta ce ta kawo aikin cikin gidaje. A ƙarshen shekarun 1980 tsarin MLSSA na Douglas Rife ya bazu tsakanin injiniyoyi da mujallun kayan sauti, sai kuma CLIO na kamfanin Audiomatica da ke Italiya. A shekarar 2000 Angelo Farina na Jami'ar Parma ya gabatar da hanyar amfani da sauti guda mai hawa a hankali daga ƙasa zuwa sama, wadda take ba da damar samun ƙarfin sauti da gurɓatarsa a gwaji ɗaya. Yawancin manhajojin da ake amfani da su a gida yanzu suna bin wannan hanya. Littafin Joseph D'Appolito kan gwajin lasifika, wanda ya fito a 1998, yana cikin waɗanda suka tattara waɗannan dabaru domin masu aikin hannu.

Ma'aunai

Ana ƙidaya yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya da hertz, ana taƙaita shi Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Ƙarfin sauti kuma ana auna shi da desibel, wato dB. Turjiya ana auna ta da ohm.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska ya kai digiri 20 a ma'aunin Salsiyos, kuma gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kowane ƙarin digiri ɗaya. A rana mai zafin digiri 40 yana kaiwa kusan mita 355. Tsawon igiyar sautin 20 Hz ya kai kusan mita 17, na 20,000 Hz kuwa bai wuce santimita 1.7 ba. Wannan babban bambanci shi ne tushen yawancin wahalhalun awo a gida: siririn sauti yana da sauƙin aunawa a ƙaramin ɗaki, amma igiyar kakkauran sauti ta fi ɗakin kansa tsawo.

Kayan aiki

Makirufon awo. Ya bambanta da na waƙa ko na wa'azi, domin an ƙera shi ya ɗauki sauti daga kowane ɓangare ba tare da ya fifita wani mataki ba. Akwai mai shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, kamar UMIK-1 na miniDSP, akwai kuma mai buƙatar katin sauti da ke ba shi wuta ta cikin wayarsa, kamar ECM8000 na Behringer da EMM-6 na Dayton Audio. Da yawa suna zuwa da fayil ɗin gyara wanda aka yi wa kowane makirufo nasa bisa lambarsa. Idan ba a saka wannan fayil a manhaja ba, kuskuren makirufon zai bayyana kamar na lasifika ne, musamman a can sama da can ƙasa. Kafin waɗannan su yi araha, masu aikin hannu sukan haɗa nasu da ƙaramin kan makirufo na Panasonic WM-61A, wanda Siegfried Linkwitz ya wallafa hanyar inganta shi.

Katin sauti. Wanda yake da mashiga biyu ya fi amfani, domin ana saka makirufo a ɗaya, a dawo da siginar da aka aika wa amfilifaya ta ɗayar. Da haka manhaja take sanin ainihin lokacin da sauti ya tashi. Makirufon USB yana aiki da agogonsa na kansa, don haka ba ya ba da wannan tabbaci sai an bi wata dabara, kamar sa wata lasifika ta yi ɗan ƙara a matsayin alamar farawa.

Amfilifaya. Kowace mai tsaftataccen sauti tana yi, in dai an kashe duk maɓallan ƙarin bes da na siririn sauti. Wat kaɗan ake buƙata.

Manhaja. Room EQ Wizard, da aka fi sani da REW, wadda John Mulcahy ya rubuta, kyauta ce. Akwai ARTA ta Ivo Mateljan daga Kuroshiya. VituixCAD ta Kimmo Saunisto daga Finlan tana karɓar sakamakon awo domin tsara da'irar raba sauti kafin a sayi ko da kondensa ɗaya.

Sauran kaya sun haɗa da maltimita, resista mai sananniyar ƙima, tef ɗin awo, siririn sandan riƙe makirufo, teburi mai juyawa da aka yi wa alamar digiri, da abin toshe kunne.

Awon turjiya

Da wannan ake fara aiki, kuma ba ya buƙatar makirufo. Lambar da ake rubutawa a bayan lasifika, kamar ohm 4 ko ohm 8, suna ne kawai, domin ainihin turjiyar tana hawa da sauka gwargwadon sautin da ake aikawa. Idan aka ɗora maltimita a kan wufa mai ohm 8, yawanci za a ga tsakanin ohm 5 da 7, wanda shi ne turjiyar wayar koyil kaɗai, ana kiran ta Re.

Domin ganin yadda take sauyawa, ana jera resista da lasifika a layi ɗaya, a auna ƙarfin lantarki kafin resistar da bayanta, manhaja ta yi lissafi. Akwai kuma na'urori da aka yi musamman don wannan, kamar DATS ta Dayton Audio. Ana riƙe wufar a sarari, nesa da bango da teburi, ba tare da an toshe ramin da ke bayan maganaɗisunta ba. Ana son wurin ya yi shiru, domin lasifika tana iya zama makirufo, hayaniyar waje ta shiga awon.

Zanen da ya fito yana nuna tudu guda a wajen kakkauran sauti. Ƙololuwar tudun ita ce Fs, wato matakin da faifan ya fi son kaɗawa da kansa. Daga tsayin tudun da faɗinsa ake fitar da Qms da Qes, waɗanda ke nuna yadda sassan jikin wufar da kuma maganaɗisunta suke tsayar da kaɗawar. Idan aka ninka su biyun aka raba da jimlarsu, sai a sami Qts. Wufa mai ƙaramin Qts, ƙasa da kusan 0.4, ta fi dacewa da akwati mai bututun iska, wadda tata ta fi haka kuma an fi saka ta a rufaffen akwati.

Saura Vas, wato yawan iskar da taurinta ya yi daidai da na madaurin faifan. Ana samun sa ta hanya biyu: ko a saka wufar a rufaffen akwati da aka san girmansa, ko a manna wa faifan wani nauyi da aka auna, a sake gwaji. Misali, idan Fs ta kasance 50 Hz, aka manna giram 10 ta sauko zuwa 40 Hz, ana raba 50 da 40, a ninka amsar da kanta a sami 1.5625, a cire 1, sannan a raba giram 10 da 0.5625. Nauyin sassan da ke motsi ya zama kusan giram 17.8 ke nan. Daga wannan nauyi da faɗin faifan manhaja take fitar da Vas. Sabuwar wufa tana da tauri, don haka akan bar ta ta yi aiki na wani lokaci, ta huce, kafin a auna.

Bayan an kammala akwati ana maimaita awon. Rufaffen akwati yana nuna tudu ɗaya. Mai bututu yana nuna tudu biyu, kuma kwarin da ke tsakaninsu yana kusa da matakin da aka saita bututun. Ƙananan ƙuraje a jikin zanen sukan nuna cewa iska tana yoyo, ko katako yana rawa, ko sauti yana kai da komo a cikin akwatin. Wurin da turjiya ta fi yin ƙasa shi ne ke nuna ko amfilifaya za ta iya ɗaukar lasifikar ba tare da ta yi zafi ba.

Awon ƙarfin sauti

Ƙa'idar da aka saba ita ce a ba lasifika bolt 2.83, a ajiye makirufo a nisan mita 1, saitin tuwita. An zaɓi wannan lamba ne domin tana daidai da wat 1 a kan ohm 8. A kan ohm 4 kuwa wat 2 ne, abin da ya kamata a lura da shi wajen kwatanta lasifikoki. Akan saita ƙarfin da sautin 50 ko 60 Hz, saboda yawancin maltimita masu araha a nan suka fi faɗin gaskiya. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin sauti yana raguwa da dB 6. Domin tabbatar da cewa lambar dB da manhaja take nunawa daidai ce, ana amfani da na'urar daidaitawa mai fitar da dB 94 a 1,000 Hz.

Babbar matsalar ita ce ɗaki. Makirufo yana jin sautin lasifika, yana kuma jin wanda ya dawo daga ƙasa, rufi da bango. Ɗakunan gwaji na kamfanoni suna magance wannan da dogayen soso masu tsini, waɗanda dole tsawonsu ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na igiyar sautin da ake son shanyewa. Ga 100 Hz wannan ya kai kusan santimita 86, abin da ba zai yiwu a ɗakin gida ba. Saboda haka ake bin hanyoyi uku.

Yanke lokaci. Sautin da ya taho kai tsaye yana riga wanda ya dawo isowa, don haka ana umartar manhaja ta ɗauki farkon kawai ta jefar da sauran. A ɗakin da rufinsa yake da tsayin mita 2.4, idan aka ɗaga lasifika da makirufo zuwa mita 1.2 kuma tazararsu mita 1 ce, sautin da ya daki ƙasa zai yi tafiyar mita 2.6. Bambancin mita 1.6 ne, wato kusan kashi 4.7 cikin dubu na daƙiƙa. Idan aka raba 1 da wannan lokaci, za a sami kusan 214 Hz. Duk abin da zanen ya nuna ƙasa da wannan ba abin dogaro ba ne, kuma ko ɗan sama da shi ba ya nuna ƙananan bayanai sosai. Ɗaki mai tsawon rufi, ko tsakar gida da aka ɗaga lasifika sama, yana ba da ƙarin lokaci.

Awon kusa. Domin cike ɓangaren ƙasa, ana kawo makirufo kusan milimita 5 daga tsakiyar faifan wufa, a rage murya ƙwarai. A wannan kusanci sautin wufar ya rinjayi na ɗakin. Hanyar tana da iyaka daga sama, wadda ake samu idan aka raba 10,950 da faɗin faifan a santimita. Ga faifai mai santimita 13 iyakar ta kai kusan 840 Hz. Idan akwatin yana da bututu, ana auna bakinsa daban, a daidaita ƙarfinsa bisa bambancin faɗinsa da na faifan, sannan a haɗa su. Daga nan sai a ɗinke awon kusa da na nesa a wani wuri da dukansu suke da inganci, misali wajen 300 Hz. Kafin ɗinkin ana gyara awon kusa saboda tasirin fuskar akwati: kakkauran sauti yana zagayawa bayan akwati, siriri kuma yana tafiya gaba, abin da ke kawo bambancin da ya kai dB 6. Ga akwati mai faɗin santimita 20, tsakiyar wannan sauyi yana wajen 575 Hz. Awon kusa ba ya ganin wannan, don haka idan aka manta da gyaran, bes zai fito a zane fiye da yadda yake a zahiri.

Awon kan daɓe. Ana ajiye lasifika a kan shimfiɗaɗɗen siminti a fili, nesa da gine-gine, a kwantar da makirufo a ƙasa. Sautin da ya daki daɓen yana isowa tare da na kai tsaye, sai ya ƙara dB 6 maimakon ya ɓata awon. Shi ya sa akan auna a mita 2, sakamakon ya yi daidai da na mita 1 a sarari. An fi amfani da hanyar ga manyan akwatunan bes. Iska, ƙarar janareta da ta ababen hawa ne manyan cikas.

Daidaita wufa da tuwita

Ana auna kowace lasifika ita kaɗai a cikin akwatin da za ta zauna, ba tare da an motsa makirufo ko an taɓa maɓallin murya ba. Manhajar tsarawa tana buƙatar sanin ba ƙarfin kowace kaɗai ba, har da wadda sautinta yake riga isowa, domin a wurin da suke miƙa wa juna aiki dole takunsu ya zo ɗaya. Idan ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, sautin yana kashe kansa a wurin.

Akwai gwaji mai sauƙi na tabbatar da haka. A tsarin Linkwitz da Riley, wanda aka wallafa a 1976, idan aka juya wayoyin tuwita da gangan, rami mai zurfi zai bayyana a zane daidai wurin haɗuwar. Zurfin ramin alama ce ta cewa takun ya daidaita idan aka mayar da wayoyin yadda suke. Domin sanin wace waya ce mai alamar tarawa a wufa, akan taɓa ta da batir mai bolt 1.5: idan faifan ya fito waje, wayar da ke kan batirin ita ce. Ba a yi wa tuwita wannan gwaji.

Bazuwar sauti

Mai sauraro a ɗaki yana jin sautin da ya dawo daga bango da yawa, don haka awo daga gaba kaɗai bai isa ba. Binciken Floyd Toole a Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada, da kuma daga baya a kamfanin Harman, ya nuna cewa masu sauraron da ba su ga lasifikar da ke kunne ba sun fi zaɓar wadda zanenta yake a miƙe daga gaba kuma yake sauka a hankali daga gefe. Ƙa'idar CTA-2034 ta Amurka ta ginu a kan wannan aiki. Tana buƙatar awo 70, ana juya lasifika digiri 10 kowane lokaci, a kwance da kuma a tsaye. A gida ana yin haka da teburi mai juyawa, a tabbatar fuskar akwatin tana daidai kan tsakiyar juyin. Kamfanin Klippel na Jamus yana ƙera na'ura mai sarrafa kanta da ke yin irin wannan awo a ɗaki na yau da kullum, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin masu aikin gida.

Kurakurai da kariya

Tuwita tana ƙonewa cikin sauri idan kakkauran sauti ya shige ta, don haka ana fara gwajinta daga sama da ɗaruruwan hertz, ko a sa mata babban kondensa a layi. Amfilifaya tana fitar da lantarkin da ya fi ƙarfin mashigar katin sauti, don haka ba a haɗa su kai tsaye sai da resistocin rage ƙarfi. Wasu amfilifayoyin kuma duka wayoyinsu biyu na fita suna ɗauke da wuta, idan aka haɗa ɗaya da ƙasan katin sauti ana iya lalata na'urorin biyu.

Sauran kurakuran da aka saba gani su ne barin kujera ko sandan makirufo mai kauri kusa da hanyar sauti, barin kwamfuta ta riƙa yi wa sauti kwaskwarima da kanta, da lallashe zane fiye da kima har ya ɓoye aibi. Haka nan awon da aka yi daga kujerar sauraro na ɗakin ne tare da lasifika: ɗaki mai tsawon mita 4 yana ƙara ƙarfin sauti wajen 43 Hz ko wace lasifika aka saka.

Sautin gwaji yana iya cutar da ji. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a cikin ƙarar dB 85, kuma lokacin yana raguwa da rabi a kowane ƙarin dB 3. Saboda haka ana toshe kunne yayin gwajin gurɓatar sauti, wanda ake yi da babbar murya, a kuma fitar da yara daga ɗakin.